Tsakanin “I wrote” da “I was writing”: Lacca kan Zaɓen Shuɗaɗɗen Lokaci a Turanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban taro, 'yan'uwana malamai, da ɗalibai maza da mata da suka cika wannan zaure, ina yi muku barka da yamma. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, musamman da yake sun amince a yi bayanin nahawun Turanci da harshen Hausa, abin da ba kasafai ake yi ba, alhali kuwa akasarin kurakuran da ɗalibanmu suke yi a Turanci daga Hausar da take cikin kansu suke fitowa, kuma maganin da yawa daga cikinsu yana cikin wannan Hausar.

Bari in fara da tambayoyi biyu da ɗan sanda ko lauya zai iya yi wa mai shago washegarin gobarar kasuwa. Ta farko ita ce “What were you doing when the fire started?”, ta biyu kuwa “What did you do when the fire started?” Kalmomin kusan ɗaya ne, amma wanda ya ba da amsar wannan a gurbin waccan zai iya jefa kansa cikin rigimar da bai san mafarinta ba. Tambayar farko tana neman aikin da wutar ta riski mutum a kai, ko yana lissafin ciniki ne, ko yana salla, ko yana barci. Ta biyu tana neman matakin da ya ɗauka bayan wutar ta tashi, ko ya kwashe kaya, ko ya kira jama'a, ko ya ranta a na kare. Mu ma a Hausa muna rarrabe su ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba, domin “me kake yi lokacin da wutar ta tashi?” daban take da “me ka yi da wutar ta tashi?”

Sigar da take cikin tambaya ta biyu ita Turawa suke kira simple past, ni kuwa yau zan riƙa ce mata shuɗaɗɗe zalla. Wadda take cikin tambayar farko ita ce past progressive, wasu littattafan kuma su ce past continuous, duk abu ɗaya ne, zan riƙa ce mata shuɗaɗɗe mai ci. Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake gina su ba, domin kowa a nan ya wuce wannan matakin. Shuɗaɗɗe zalla aikatau ne da aka liƙa wa -ed, sai dai waɗanda suka bijire wa ƙa'ida irin su went da wrote da bought, waɗanda ba su da magani sai hadda. Shuɗaɗɗe mai ci kuwa was ko were ne tare da aikatau mai ƙarewa da -ing. Ginin ba shi ne matsalarmu ba. Matsalar tana wajen zaɓe, wato lokacin da ɗalibi ya riƙe biro yana son ba da labarin abin da ya faru jiya, ya rasa wacce zai ɗauka.

Ƙa'idar da aka fi koyarwa a azuzuwanmu ita ce wai dogon aiki shi ne yake ɗaukar was da -ing, gajeren aiki kuma ya ɗauki shuɗaɗɗe zalla. Ni ma haka aka koya mini, kuma na shafe shekaru ina maimaita wa ɗalibaina kafin in lura cewa ba ta tsayawa da ƙafarta. Ga misali daga tarihin Nijeriya. Janar Yakubu Gowon ya mulki ƙasar daga 1966 zuwa 1975, kuma an hamɓarar da gwamnatinsa ranar 29 ga Yuli, 1975, yana Kampala ta ƙasar Yuganda wajen taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Bature zai rubuta “Gowon ruled Nigeria for nine years”, sannan ya rubuta “He was attending a summit in Kampala when he was overthrown.” Ku duba da kyau. Mulkin shekara tara ya zo da shuɗaɗɗe zalla, taron 'yan kwanaki kuma shi ne ya zo da shuɗaɗɗe mai ci. Da a ce tsawon aiki ne ma'auni, da akasin haka za a samu. Haka nan ake cewa “Elizabeth II reigned for seventy years”, daga 1952 zuwa 2022, babu wanda zai sa was reigning a wannan jimlar, duk da cewa shekara saba'in ba wasa ba ce.

Ma'aunin gaskiya shi ne inda mai magana ya tsaya yake kallon aikin. Ku ɗauki Hawan Daushe. Akwai wanda ya hau bene tun kafin dawaki su fito, ya ga fitowar ayarin farko, ya ga wucewar na ƙarshe, ya sauko ya ce “an yi hawa”. Akwai kuma wanda ya leƙo ta ƙofar zaure da ƙarfe biyar daidai, ya ga dawaki suna wucewa, ya koma ciki, bai ga farko ba bai ga ƙarshe ba, abin da zai iya cewa shi ne “da ƙarfe biyar ana hawa”. Na farko shi ne mai shuɗaɗɗe zalla, ya dunƙule aikin gaba ɗaya da farkonsa da ƙarshensa ya ajiye. Na biyu shi ne mai shuɗaɗɗe mai ci, ya shigar da mu tsakiyar aikin a wani lokaci ƙayyadadde. Hawan ɗaya ne, tsawonsa bai canza ba, wurin tsayuwar mai ba da labari ne ya bambanta. Shi ya sa shuɗaɗɗe mai ci yake bukatar wani lokaci da zai jingina da shi, ko a ambace shi ƙarara kamar at five o'clock, ko a kawo wani aiki da ya faɗo cikinsa kamar when he was overthrown, ko kuma zancen da ya gabata ya riga ya nuna shi. Idan ka tari Bature haka kawai ka ce masa “I was writing a letter” ka yi shiru, zai tsaya yana jiran ci gaban magana, kamar yadda Bahaushe zai ce “sai aka yi yaya?” idan ka ce masa “ina cikin rubuta wasiƙa” ka tsaya nan.

Daga wannan ne wani babban bambanci na ma'ana yake fitowa, wanda nake so ku riƙe shi da kyau. Tunda shuɗaɗɗe mai ci bai ga ƙarshen aiki ba, ba ya ɗaukar alhakin cewa aikin ya kammala. Jirgin ruwan nan Titanic ya tashi daga Southampton ta Ingila ranar 10 ga Afrilu, 1912, ya nufi birnin Niyok na Amurka, ya ci karo da dutsen ƙanƙara a daren 14 ga wata, ya nutse kafin gari ya waye, mutane fiye da 1,500 suka rasa rayukansu. Jimlar da ta dace ita ce “The Titanic was sailing to New York when it hit an iceberg.” Wanda ya rubuta “The Titanic sailed to New York” ya yi wa tarihi ƙarya, domin ya isar da jirgin inda bai taɓa isa ba. Haka “He was crossing the road” ba ta ce ya tsallaka titin ba, mai yiwuwa a tsakiya aka kaɗe shi, ita kuwa “He crossed the road” ta kai shi ɗaya gefen. “They were building a mosque” ta bar mu da gini a tsaye ba mu san makomarsa ba, “They built a mosque” kuwa ta ce an gama har an shiga.

Abin ya fi muni idan aka zo kan aikatau irin su die da drown. Na taɓa duba rubutun wata ɗaliba da take ba da labarin rasuwar kakanta, ta rubuta “My grandfather was dying last year.” Abin da ta faɗa a Turanci shi ne bara kakan nata yana kan gargara, kuma mai karatu yana da damar ya yi tsammanin ya farfaɗo. Abin da take nufi shi ne “My grandfather died last year.” Da na tambaye ta dalili, sai ta ce ai ya daɗe yana jinya, kuma an ce musu dogon aiki da was ake faɗinsa. Kun ga inda waccan ƙa'idar ta kai ta. Haka idan aka ce “The boy was drowning”, yaron yana cikin nutsewa ne, ana iya ceto shi, amma “The boy drowned” ta'aziyya ce.

Sai dai kada in wuce gona da iri. Akwai aikatau da ba su da wata iyaka da ake nufa, irin su rain da work da sleep da wait, kuma a kansu bambancin yakan yi laushi ƙwarai. “It rained all night” da “It was raining all night” duk daidai ne, ta biyun ta ɗan fi jaddada cewa ruwan bai tsagaita ba, shi ke nan. Malamin da zai ja jan biro a kan ɗaya daga cikinsu ya zalunci ɗalibi.

Yanzu bari mu komo gida. Masana nahawun Hausa sun raba mana shuɗaɗɗen lokaci gida biyu, na ɗaya irin “sun tafi”, na biyu irin “suka tafi”, sannan ga lokaci mai ci irin “suna tafiya” da “suke tafiya”. Duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya ya san aikin da kowanne yake yi. Idan labari yana tafiya gaba, da “ya” da “ta” da “suka” ake jan sa: ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya fita, suka haɗu a bakin rafi. Kowane aiki sai ya ƙare na gaba yake farawa. Idan kuma ana son a shimfiɗa yanayin da abin ya faru a cikinsa, sai a koma “yana” da “tana”: rana tana faɗuwa, makiyaya suna komawa gida. To, haka Turanci yake yi, babu ragi babu ƙari. “The sun was setting and the herdsmen were going home. Musa picked up his stick, locked the door and walked to the river.” Jimlar farko shimfiɗa ce, agogon labari yana tsaye a cikinta. Jimla ta biyu ita ce take tafiyar da agogon, ɗauka, kullewa, tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya cika insha'insa da was da -ing tun daga sama har ƙasa ya shimfiɗa tabarma ne bai zaunar da kowa ba, mai dubawa zai karanta shafi guda bai ga abin da ya auku ba.

Wannan ne kuma yake warware rikicin when. “When the teacher came in, we stood up” tana nufin da malam ya shigo sai muka miƙe, shigowa ta riga miƙewa, kuma ita ce dalilinta. “When the teacher came in, we were standing” tana nufin malam ya shigo ya same mu a tsaye. Ta farko ladabi ce, ta biyu mai yiwuwa ɓarna aka kama mu muna yi. Bahaushe yakan ce “ina wanka aka ɗauke wuta” ba tare da wata kalmar haɗi ba, Bature kuwa dole ya sa when ko while: “I was having a bath when the light went out”, ko “The light went out while I was having a bath.” Abin lura shi ne while tana zama a gaban aikin da ake ciki, ba a gaban wanda ya faɗo ba. Idan kuma ayyuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, duka biyun suna iya ɗaukar shuɗaɗɗe mai ci, kamar “Binta was cooking while the children were playing.”

Da a ce Hausa da Turanci sun yi daidai ta kowace fuska, da sai in ce ku riƙa sa was da -ing duk inda kuka ji “yana”, in sauka in ba ku wuri. Amma akwai wuraren da wannan “yana” take yaudarar mu. Mafi sauƙin gyara shi ne batun lokaci. Ita “yana” ba ta ɗauke da jiya ko yau a jikinta. Muna cewa “yanzu yana karatu”, muna cewa “jiya da dare yana karatu”, har muna cewa “gobe war haka yana karatu”, kalmar ba ta motsa ba, bayanau ne kawai yake nuna lokacin. Turanci ba ya yarda da haka, sai an sa alamar lokaci a jikin kowane aikatau. Daga nan ne “Yesterday I am reading” take fitowa, kuma daga nan ne ɗalibi yakan fara labari da was a layin farko, zuwa layi na huɗu ya zame ya koma is, domin a Hausarsa an riga an ce “jiya” sau ɗaya, magana ta ƙare.

Wanda ya fi wuya shi ne na aikatau masu nuna hali ko yanayi, waɗanda babu wani motsi a cikinsu. Hausa tana faɗin mallaka da “yana da”, tana faɗin so da “yana son”, tana faɗin ji da gani da bukata dukansu da wannan “yana”. Sai ɗalibi ya bi sawu ya rubuta “My father was having two cars”, ko “I was wanting to go home”, ko “I was not hearing him”. A daidaitaccen Turanci, wanda ake duba jarrabawar WAEC da NECO da shi, aikatau irin su have ta mallaka, da own, belong, know, believe, understand, want, need, like, ba su saba ɗaukar -ing ba. Dalilin yana komawa ga abin da muka fara da shi. Shuɗaɗɗe mai ci yana shigar da mu tsakiyar abin da yake gudana ne, mallakar mota kuwa ba gudana take yi ba, tana nan ne kawai. Saboda haka sai a ce “My father had two cars”, “I wanted to go home”, ji da gani kuma akan taimaka musu da could, a ce “I could not hear him.” A nan shuɗaɗɗe zalla ne yake yin aikin shimfiɗa, ko da kuwa a jimla ɗaya yake da shuɗaɗɗe mai ci, kamar “It was raining and I had no umbrella.”

Abin da yake ƙara dagula lissafi shi ne wasu daga cikin waɗannan aikatau fuska biyu gare su. Have ta mallaka ba ta ɗaukar -ing, amma have ta cin abinci ko wanka aiki ce, don haka “We were having lunch” daidai ce. “I thought he was honest” ra'ayi ne, “I was thinking about the exam” kuwa aikin tunani ne da ake cikinsa. “The soup tasted good” halin miyar ne, “She was tasting the soup” aikin uwargida ne. Har be kanta takan shiga, domin “He was rude” hukunci ne kawai cewa ba shi da ladabi, “He was being rude” kuwa tana nuna rashin ladabin da yake aikatawa a wannan lokacin, wataƙila ma da gangan. Saboda haka ba na ba ɗalibi shawarar ya haddace jerin kalmomi ya ce waɗannan haramun ne su ɗauki -ing. Ya tambayi kansa ko a wannan jimlar ana yin wani abu ne, ko kuwa wani hali ne kawai yake nan. Wani ma zai kawo mini tallar McDonald's da aka fito da ita a 2003 mai cewa “I'm lovin' it” ya ce ga Turawa da kansu sun karya ƙa'ida. Gaskiya ne a bakin 'yan harshe ana jin irin wannan, amma mai duba takardarka ba da harshen talla yake aiki ba.

Akwai kuma wani rukuni da Hausa take taimaka mana a kansa sosai, wato zaune, tsaye, kwance, riƙe, sanye. “Ya zauna” ita ce “He sat down”, “yana zaune” ita ce “He was sitting”. “Ta sa hijabi” ita ce “She put on a hijab”, “tana sanye da hijabi” ita ce “She was wearing a hijab”. A nan ku bi Hausarku, ba za ta ɓatar da ku ba.

Yaudara ta gaba ita ce ta al'ada. Ko da yake muna da lokaci sabau, irin “yakan je”, a maganar yau da kullum mun fi cewa “lokacin da nake yaro ina zuwa gona kullum”. Ɗalibi ya ji “ina zuwa” sai ya rubuta “When I was a boy I was going to the farm every day.” Bature ba haka yake faɗa ba. Abin da aka saba yi a da, shuɗaɗɗe zalla ne yake ɗaukarsa, ko used to: “I went to the farm every day”, ko “I used to go to the farm.” Inda shuɗaɗɗe mai ci yake shiga al'ada shi ne idan ta wucin gadi ce, kamar “That month I was walking to school because my bicycle had broken down”, ko kuma idan an haɗa shi da always don mita da ƙorafi. “He always borrowed my pen” labari ne kawai, amma “He was always borrowing my pen” magana ce ta wanda aka ishe shi, irin yadda za mu ce “kullum cikin aron birona yake”. Kusa da wannan akwai aikatau na ƙiftawar ido irin su knock da cough da jump. Tunda ba su da tsakiyar da za a shiga, idan aka sa musu -ing sai ma'anar ta koma maimaitawa. “Someone was knocking” bugu ne a kai a kai, kamar bambancin “ya buga” da “yana ta bubbugawa”.

Don kada ku ɗauka ku kaɗai wannan siga take wahalarwa, ku sani cewa ko a Turancin ba ta daɗe da kafuwa yadda take a yau ba. A wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen shekarar 1600, Polonius ya tarar da Hamlet riƙe da littafi ya tambaye shi “What do you read, my lord?”, inda Baturen yau zai ce “What are you reading?” Siga irin “The house was being built” kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana, kafin nan “The house was building” ake cewa, kuma masu tsaron nahawu na ƙarni na 19 sun yi ta sukar sabuwar kafin ta zauna daram. Daidaitaccen Jamusanci, ɗan'uwan Turanci na kusa, har yau ba shi da irin wannan siga, shi ya sa Bajamushe mai koyon Turanci yake tuntuɓe a wurin da Bahaushe yake wucewa salin alin. A nan zan dakata in karɓi tambayoyi.

Wani ɗalibi da ya yi karatun sakandarensa a Maraɗi ya tambaya ko zai iya ɗaukar shuɗaɗɗe mai ci a matsayin imparfait, wata sigar shuɗaɗɗen lokaci ta Faransanci.

Ɗana, rabin hanya kawai suke tafiya tare. Inda imparfait yake nuna aikin da ake ciki, kamar “je lisais quand il est entré”, wato ina karatu ya shigo, nan was reading ce daidai. Amma imparfait yana ɗaukar hali da al'ada ma. “J'avais une moto” ba “I was having” ba ce, “I had a motorcycle” ce, kuma “je jouais au football tous les jours” tana komawa “I played” ko “I used to play”. Kun ga ramukan nan biyu su ne dai waɗanda “yana” take jefa mu a ciki, saboda haka kai sau biyu ake jan ka zuwa kuskure ɗaya, ta Hausa da ta Faransanci. 'Yan Islamiyya ma su kula, domin “kana yaktubu” ta Larabci tana iya zama “he was writing”, tana iya zama “he used to write”, sai an duba zancen da ya kewaye ta.

Wata malama ta tambaya dalilin da ya sa ake rubuta “I was wondering if you could help me” a wasiƙa, alhali a yanzu ne ake neman taimakon.

Malama, wannan was ɗin ba ta lokaci ba ce, ta ladabi ce. Bature yakan ja bukatarsa baya ya sa ta a shuɗaɗɗen lokaci, ya kuma bar ta a buɗe da -ing, don wanda ake roƙo ya samu hanyar cewa a'a ba tare da kunya ba. Mu ma muna da irinta, domin wanda ya je wurin babba yakan ce “dama cewa na yi ko za a taimaka mini”, bai ce “ina so a ba ni” ba. “I was hoping” da “I was thinking” duk wannan aikin suke yi. Akwai kuma wata was ɗin da take nuna shirin da aka yi a baya, kamar “He said he was travelling the next day”, wato ya ce washegari zai yi tafiya. Tunda mun zo nan, ku yi hattara da “I am coming” da muke faɗa muna fita, wadda “ina zuwa” ce aka sa wa rigar Turanci. Idan ka ba Baturen Ingila labari ka ce “He said he was coming and went out”, zai rikice, domin a wurinsa mai zuwa ba ya fita. Abin da za ka ce shi ne “He said he would be back.”

Shugaban taro ya yi mini nuni da agogo, kuma na ji an fara kiran salla. Wanda yake da sauran tambaya ya same ni a bakin zaure bayan an idar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.